An yashe min shago, kuma ni aka mayar mai laifi

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari." Wannan shi ne jajen da manajan kamfanin gadi ya yi min washegarin ranar da ɓarayi suka yashe min shago. Da na shiga ofishinsa yana danna waya, ko ɗago kai bai yi ba. Ni da sauran masu shaguna a layinmu muke haɗa kuɗi duk ƙarshen wata mu kai wa kamfanin nan, shekara da shekaru, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ranar da muka buƙace su, karin magana suka sallame ni da ita.

Ɓarayin ko ƙofa ba su taɓa ba. Da na iso da sassafe kwaɗunana suna nan yadda na bar su, har na yi hamdala, na ɗauka wanda ya kira ni ya yi kuskuren shago. Ina buɗewa na ga haske yana saukowa daga sama. Sun ɗaga kwano, sun fasa silin, sun diro a kan kanta. Sawun takalmin ɗaya yana nan raɗam a kan gilashi, cikin ƙurar silin. Wayoyin da ke cikin kwali sun zauna sun zare su ɗaya bayan ɗaya, suka jera min kwalayen a gefe. Inda na'urar da ke ajiye hoton kyamara take, wayoyin wuta ne kawai ke lilo. Wanda ya samu sukunin jera kwali ba sauri yake yi ba. Ya san babu mai zuwa. Kuma tsakanin shagona da bencin mai gadi, da ka yi tari za a ji ka.

Da wannan zuciyar na je ofishinsu. Na yi sallama, ya amsa a ciki-ciki. Kujera tana nan babu kowa a kai, bai ce in zauna ba, ni kuma ban zauna ba.

Na ce, "Yallaɓai, ni ne mai shagon wayoyin da aka fasa a layin da mutanenku ke gadi."

Ya ce, "To, Alhaji, sai haƙuri."

Na ce na ji, haƙuri ya zama dole, amma ina so in san inda mai gadin yake daren jiya, kuma in ga littafin da suke sa hannu idan mai zagaye ya zo duba su. Sai a nan ya ajiye wayar. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Littafinmu na ofis ne, ba na 'yan kasuwa ba."

Na ce, "Kuɗin 'yan kasuwa ne ya sayi littafin."

Ya yi murmushi. Ya jawo durowa a hankali, ya zaro takardar yarjejeniya, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya ɗora biro a kan wani layi ya turo min. Ya ce in karanta da kaina, in ban iya ba ya karanta min. Ni da nake riƙe da littafin ciniki tun kafin ya fara aiki! Layin cewa yake kamfani ba shi da alhakin duk wata asarar dukiya. Na tambaye shi, to me muke saya duk wata? Ya ce, "Kasancewar jami'i a wurin." Na ce ai jami'in ma bai kasance ba, maƙwabcina ya wuce da tsakar dare ya ga benci wayam. Ya ce, "Ka zo da hujja?" Na ce hujjar tana cikin na'urar da aka sace. Ya buɗe hannu biyu, ya ce, "To ka gani."

Bai tsaya nan ba. Ya fara yi min tambayoyi irin na mai tuhuma. Me ya sa ban sa rodi a silin ba? Me ya sa na bar kaya masu tsada suka kwana a shago? Yarana nawa, kuma na yarda da su? Na tabbata kayan da na lissafa sun kai haka, ko dai akwai bashin dila da nake neman hanyar zillewa? A nan ne ya kawo zancen ɓera da daddawa, sakatariyarsa ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Wallahi na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Mutum ya rasa jarinsa da dare, da rana a ce masa maƙaryaci. Da na juya zan fita, ya kira ni, "Alhaji!" Na waiwayo, na ɗauka ya tuna da mutunci. Ya ce, "Kar a manta, wata ya kusa ƙarewa."

Duk mai shago ya san hanyar da muka biyo kafin mu iso nan. Ka fara da kwaɗo, a zo da almakashin yanka ƙarfe a datse shi kafin ka ƙifta ido. Ka sayi mai kauri wanda wuyansa ke ɓoye, sai a bar kwaɗon a ɓalle ƙarfen da aka rataya shi. Ka kira mai walda ya yi maka ƙofar ƙarfe da sakata ciki da waje, sai a zagaya ta baya a huda bango. Ka toshe bango, sai a biyo ta rufi. Ka sa kyamara, mai sawa ya kafe ta can ƙololuwa don kada a kai mata hannu, ranar da ka buƙace ta ba abin da za ka gani sai saman hular ɓarawo. Idan kuma na'urar ajiyar tana cikin shagon, ita suke fara ɗauka, don sun san ita ce shaida. A ce maka ka sayi wadda ke tura hoto ta intanet zuwa wayarka. Ita kuma tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da batir, da kuɗin intanet duk wata. Kowane ƙarfe da muka ƙara daga ribar kayan da ba mu ma sayar ba yake fitowa. Shagunanmu sun cika da ƙarfe har mai saye yana jin nauyin shigowa, ɓarawo kuwa ko a jikinsa.

Shi mai gadin ba na jin haushinsa kamar yadda nake jin na masu aiko shi. Na san shi. Dattijo ne, da tocila da sanda da usur, daga magariba har wayewar gari, da rana kuma yana wani aikin don abin da ake ba shi ba ya kai shi tsakiyar wata. Shi da bakinsa ya sha gaya mana albashi ya makara. Mutumin da ba a ba shi horo ba, ba a ba shi abin kiran agaji ba, ba mai zuwa duba shi, ya ga ƙarti sun zo da makami, me ake so ya yi? Ya mutu a kan wayoyina? Kuɗinmu bai tsaya a hannunsa ba. Ya wuce can inda ake zama a kujera mai juyawa ana turo wa mutane takarda.

Zancen yara kuma da manajan ya jefo, ba na musun cewa akwai satar cikin gida. Ko a Amurka, ƙungiyar masu kantuna ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kayan da suka salwanta musu a 2022 sun kai dala biliyan 112, kuma kusan kashi 29 cikin 100 ma'aikata ne suka ɗauka. Amma a lissafin nan dai satar da ta zo daga waje ta fi yawa, kusan kashi 36. Yaron da yake riƙe da mabuɗi me zai kai shi hawa rufi? Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda wannan zargin ya zama mafakar duk wanda ba ya son yin aikinsa. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda, tambaya ta farko ita ce, "Wa kake zargi?" Idan ka ce ba kowa, an rufe magana. Idan ka yi jim, a ce ka kawo yaran shagonka. A tsare yaron da ya yi maka hidima da amana, ya kwana a bayan kanta, ka koma kai ne mai zaryar belinsa, ya fito yana kallonka da wani ido har abada. Ɓarawo ya tafi da kaya, bincike ya tafi da amana.

Na kai musu takarda ɗauke da lambar kowace waya. Duk wayar hannu tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, tana jikin kwali, kuma duk wanda ya danna *#06# zai gan ta. Da zarar an sa layi a wayar, kamfanin sadarwa yana ganin lambar nan. Ba tsafi ba ne, ba sabon ilimi ba ne. Akwai ƙasashen da idan aka kai rahoton sata ake toshe wayar ta daina aiki a kan layukansu. Jami'in ya karɓi takardata ya ɗora a kan tarin wasu takardu, ya ce za a neme ni. Duk mai karanta wannan ya san ma'anar za a neme ka.

To ina gwamnati? Ai ta san hanyar shagona sarai. Mai karɓar haraji bai taɓa ɓata ba, mai sabunta lasisi bai taɓa makara ba, mai kuɗin allon talla yana zuwa har da ma'auni. Idan ka yi jinkirin biya, su ma da kwaɗo suke zuwa. Amma fitilar kan titin da ke gaban layinmu ta mutu tun ban san ranar ba, kuma ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa. Kada wani ya ce fitila ƙaramin abu ce. A 2016 an yi gwaji a wasu rukunin gidajen gwamnati a birnin New York, aka ƙara fitilu a wasu aka bar wasu, manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a inda aka haska. Fitila kawai. Motar sintiri ta gifta sau ɗaya cikin dare ma ta isa ta sa mai hawa rufi ya sake tunani. Tsaron dukiya shi ne farkon abin da ya sa ake biyan haraji. Mu muna biya a can, mu biya kamfanin gadi, mu biya mai walda, sannan mu biya ɓarawo da jarinmu.

Kuma duk inda hukuma ta raina sata, satar girma take yi. A Ingila a 2014 an yi dokar da ta sassauta yadda ake shari'ar satar kanti idan kayan ba su wuce fam 200 ba. Masu kantuna suka yi ta kukan cewa ɓarayi sun ɗauki hakan a matsayin izini. A 2024 satar kanti da 'yan sandan Ingila da Wales suka rubuta ta haura 500,000 a shekara ɗaya, har gwamnati ta kai ƙudurin soke wancan sassaucin majalisa a 2025. Can kenan da ake rubutawa. Ina ga inda mai kaya ya gaji da kai ƙara ya koma yin shiru?

Amma in za a faɗi gaskiya, ba gwamnati ce take sayen kayan sata ba. Mu ne. Ɓarawon da ya hau rufina ba zai yi kira da waya hamsin ba. Kafin ya ɗaga kwano ya riga ya san inda zai kai su. Ɓarayin zaune suna nan, suna da shaguna, suna da rasit, muna gaisawa da su, a taro ma a gaba ake ajiye su. Bayansu kuma ga jama'a. Mutum ya ga sabuwar waya dal, ba kwali, ba rasit, a rabin kuɗinta, a hannun yaron da ke ta waige-waige, ya lale kuɗi ya biya, ya koma gida yana ba da labarin ya yi sa'a. Ka san abin da ka saya. Zuciyarka ta gaya maka tun kafin ka taya. Kuɗin makarantar 'ya'yan wani ne a aljihunka, da bashin da wani zai shekara yana biya. Kai ne kuma gobe za ka zo min jaje, ka dafa kafaɗata ka ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ta ina ranar za ta zo, alhali kai kake ciyar da shi?

Ba na neman kowa ya biya ni. Ina neman a kama mai sayen kayan sata a hukunta shi kamar wanda ya hau rufin, a toshe wayar da aka kai lambarta, a gyara fitila, a hana kamfanin gadi karɓar kuɗin mutane a kan takardar da ta wanke shi daga komai. Mu kuma masu shaguna mu daina ɓoye wa juna. An fasa na wancan ya yi shiru don kada a ce ya karye, an fasa na wannan ya yi shiru don kada dila ya janye masa kaya, ɓarayi kuma suna bin mu ɗaya bayan ɗaya da dabara iri ɗaya. Na riga na zagaya layinmu shago-shago na nuna wa kowa hoton silin ɗina, na ce ya hau ya duba nasa. Kuɗin gadin wannan watan kuwa, mun yi magana da maƙwabta, ba wanda zai kai sai an buɗe mana littafin nan mun ga wanda ya sa hannu a daren.