Ana rigimar hekta, an manta da mutanen Giri da Gwagwalada

Tun ranar da Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya tsaya a Giri, kusa da Gwagwalada, a tsakiyar 2025 ya ce hekta 11,000 ta yi wa Jami'ar Abuja yawa, za a bar mata 4,000 a raba sauran, maganar fili kawai ake yi. Masu goyon bayansa na cewa da zarar an yanka filaye an ba masu kuɗi, ci gaba zai sauka a yankin. Wannan zancen ne yake ɓata mini rai, domin duk wanda ya taɓa kwana a Kutunku ko Unguwar Dodo da ke Gwagwalada ya san ba ƙarancin fili ne ke damun mutanen wurin ba.

Gwagwalada tana cikin kwari, a bakin kogin Usuma, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. Da bazara zafinta ya sha bamban da na Maitama, da damina kuma kogin kan cika ya shiga gidajen da aka gina a bakinsa. Abin takaici, wannan kogin ne aka datse a Ushafa da ke Bwari ake shayar da tsakiyar birni da ruwansa, amma a unguwanni da yawa na Gwagwalada 'yan ga-ruwa da rijiyar burtsatse ne madogara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A duba lissafin jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwagwalada mutum kimanin dubu 158, a faɗin ƙasa da ya haura murabba'in kilomita 1,000, da mazaɓu goma irin su Zuba, Dobi, Paiko, Ibwa da Tungan Maje. Tun daga nan ba a sake ƙirga kowa ba, ƙidayar 2023 ma an ɗage ta. A tsakanin nan rusau a cikin birni ya koro dubban iyalai, tsadar haya ta koro ƙananan ma'aikata, rashin tsaro ya koro wasu daga jihohin maƙwabta, duk suka tare a nan tare da Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulanin da suka tarar. Sannan ga ɗalibai. Jami'ar da aka kafa a 1988 ta fara karatu ne a cikin garin Gwagwalada kafin ta koma mazauninta na dindindin a hanyar filin jirgi, kuma ɗakunan kwananta ba su taɓa isar ɗalibanta ba. Sai suka bazu a Giri da Iddo da Gwagwalada, suna shan ruwan garin, suna cika motocinsa, suna bin layi a asibitocinsa, alhali babu wani kasafi da aka yi da su a lissafi. Ta yaya za a tsara wa gari famfo da aji da gadon asibiti da alƙaluman da suka kusa shekara ashirin?

Masu cewa raba fili zai kawo gyara su gaya mana wace unguwar masu kuɗi ce a Abuja ta taɓa ja wa ƙauyen da ke bayan katangarta ruwa. Abin da muka saba gani shi ne a zagaye gidaje da katanga, a haƙa burtsatse a ciki, a kafa sola, a ɗauki masu gadi, su kuma 'yan asalin wurin a tura su gaba. A shekarar da ake wannan cacar bakin, malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. 'Ya'yan talakawan Gwagwalada na zaune a gida, manya na gardamar taswira. A Nuwamban 2021 kuma 'yan bindiga sun shiga rukunin gidajen ma'aikatan jami'ar a Giri suka sace mutum shida. Wane fuloti ne zai hana a sake irin wannan?

Su ma masu kukan a mayar wa jami'a filinta ba su burge ni ba, tunda shekara talatin da ɗoriya tana riƙe da shi ba ta gina wa ɗalibanta isasshen makwanci ba.

Asibitin koyarwa na jami'ar da ke Gwagwalada, wanda har yau mutane ke kira Sifeshalis, shi ne ma'aunin komai. Daga Kwali da Abaji, har daga Neja da Kogi, nan ake kawo marasa lafiya, kuma mai zazzaɓin da ya kamata a sallame shi a asibitin unguwa yana bin layi ɗaya da wanda aka kwaso daga haɗarin mota, saboda ƙananan asibitocin ba su da ma'aikata da magani.

In har dole sai an raba hekta 7,000 ɗin nan, to a bayyana wa jama'a waɗanda aka ba, a kuma ware wani kaso na kuɗin ga ruwan famfo, magudanai da makarantun yankin. Kafin nan, a ƙirga mutanen Giri da Gwagwalada, har da ɗaliban da ke haya a cikinsu.