Susan Boyle Ba a Dare Ɗaya Ta Iya Waƙa Ba

'Yan'uwana matasa masu sha'awar waƙa, da yawanku kun ga bidiyon Susan Boyle, kuka ce rabo ne ya rantse. Rabo gaskiya ne, amma kun tsallake rabin labarin, kuma rabin nan shi ne zai amfane ku.

Ranar 11 ga Afrilun 2009 aka nuna ta a Britain's Got Talent, gasar nuna bajinta ta talabijin a Birtaniya. 'Yar shekara 47 ce lokacin da aka ɗauki shirin, daga ƙauyen Blackburn a yankin Sikotland, ba aikin yi, ba kwalliya. 'Yan kallo na ta yatsina, alƙalan ma, har da Simon Cowell, ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Tana buɗe baki zauren ya miƙe tsaye, kafin mako ya zagayo miliyoyin mutane sun kalle ta a YouTube.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne shekarun da ta yi tana rera waƙa a coci da wuraren taron ƙauyensu, tana kuma ɗaukar darasi wurin malamin murya. A 1995 ta je gwaji a wani shirin talabijin, aka mai da ita abin dariya. A 1999 ta sa waƙa a wani faifan agaji da kwafi 1,000 kacal aka buga. Tana cikin haka tana jinyar mahaifiyarta, har tsohuwar ta rasu a 2007.

To kai da ke jiran a gano ka a TikTok, me ka tanada? Kafin ka rera komai, ka ɗauki minti 10 zuwa 15 kana ɗumama murya, baki rufe, kana gunji a hankali daga ƙasa zuwa sama. Ka ja numfashi har ciki ya kumbura, kafaɗa kada ta motsa. Mai jan iska da ƙirji kawai, a tsakiyar baiti take ƙare masa, sai ya matse maƙogwaro don ya ƙarasa, daga nan dishewa ke farawa. Ka yawaita shan ruwa, ka rabu da taba da shisha. Dishewar da ta haura mako uku ba ta zuma da citta ba ce, sai likitan maƙogwaro. Ka riƙa naɗar muryarka a waya, ba kiɗa ba gyaran kwamfuta, ka saurara. In ba ta tsaya da ƙafarta a nan ba, ba za ta tsaya a gaban jama'a ba.

Yin suna shi kansa nauyi ne, kuma wannan ne ya fi damuna da ku. Mako bakwai 'yan jarida na bin Susan ko'ina. Ranar 30 ga Mayu ta zo ta biyu a zagayen ƙarshe na gasar, ƙungiyar rawa ta Diversity ta ɗauke kambun, washegari aka kwantar da ita a asibitin Priory saboda tsananin gajiya. Sai da ta huta sannan kundin waƙoƙinta ya fito a Nuwamba, aka sayi kwafi sama da 400,000 a Birtaniya cikin makon farko.

Don haka tun ba a san ka ba, ka sami babba mai amana wanda zai iya ce maka "ya isa, je ka kwanta." Ranar da aka miƙo maka takardar yarjejeniya, kada ka sa hannu a wurin. Ka kai wa lauya ya duba wa zai mallaki waƙoƙin, kashi nawa ne naka, shekara nawa za ta ɗaure ka, da yadda za ka fita in tafiya ta ƙi.