Tsoron asara ne ke sa su bin sawun juna

Malam, na karanta labarinka inda ka ce kamfanonin motocin alfarma sun koma kwaikwayon fasalin juna saboda basira ta ƙare musu. Ni dai ban yarda da wannan ba. Shekara 15 ke nan ina dillancin mota a Kaduna, kuma abin da na lura tsoron asara ne ke jan su. Ƙera sabon samfuri na cin maƙudan kuɗi, don haka duk wanda ya ga abokin hamayyarsa ya yi kasuwa sai ya bi sawu. BMW ta fito da X6 a 2008, jif mai gangaren baya. An yi ta kushe ta, amma ta samu shiga. Sai ga Mercedes da GLE Coupe a 2015, Audi kuma da Q8 a 2018. Kafin nan ma Mercedes ce ta fara da CLS a 2004, mota mai ƙofa huɗu da gangaren baya, sauran suka biyo ta.

Masu zanen su ma yawo suke yi. Peter Schreyer da ya yi suna a Audi ya koma Kia a 2006. Ga dokokin Turai na kare masu tafiya a ƙasa, ga neman rage shan mai, duk suna tura su ga siffa kusan ɗaya.

Wallahi abin yana damuna. Lokacin da 504 ke fitowa daga masana'antar Peugeot ta Kakuri, tun daga nesa yaro ke gane ta. Makon jiya wani alhaji ya zo wurina, sai da ya duba tambari kafin ya bambance motoci biyu da ke jere.