A dawo mana da wasan dandamali a Bauchi

Duk lokacin da aka tayar da zancen wasan kwaikwayo sai ka ji matasanmu suna cewa ai abin Kano ne, wai da Turmin Danya aka fara a 1990. Fim ɗin bidiyo kenan suke nufi, amma wasan da ake yi a gaban jama'a ido da ido ya girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma Bauchi tana da hannu dumu-dumu a ciki.

Malam Aminu Kano ya zo koyarwa Midil ta Bauchi a 1942, zamanin su Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ya riƙa haɗa ɗalibansa suna wasa, ta nan yake faɗin abin da in da baki aka fito aka faɗa wa masu mulki to sai an ji jiki. Shi kuma Tafawa Ɓalewa littafinsa Shaihu Umar ya fito a 1934, daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasa, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Labarin da ɗan ƙasar Bauchi ya rubuta ne fa, kabarin Tafawa Ɓalewa ma yana nan cikin gari, amma yara nawa ne a nan suka taɓa ganin an taka shi a dandamali?

Ni na taka wasa muna sakandare. Zanin gado muka ɗaura a matsayin labule, aka haɗa tebura huɗu, gemun auduga muka manna da ƙaro yana ta zamewa saboda gumi, kuma wallahi da yaron da ya fito a matsayin uwa ya fashe da kuka sai da ɗakin taron nan ya yi tsit har ƙarar fanka kake ji. Waya ba ta ba ka wannan.

Na san za a ce ba kuɗi, wasu kuma su ce tarbiyya. Batun tarbiyya gaskiya ne, shi ya sa nake ganin a fara daga makarantu, da rana, malamai su duba rubutun, iyaye su zo su zauna. Kuɗi kuwa mu da muke yin tashe kowane azumi da tsummokara da gwangwani ba sabon gini muke jira ba. Hukumar al'adu ta jiha ta sa gasa sau ɗaya a shekara, makarantun Azare da Misau da Ningi su zo, a buɗe da Shaihu Umar.