Mastas ta aji ko ta bincike?

Jiya bayan isha'i ƙanina ya same ni a gida Unguwar Rimi, waya a hannu, wai Yaya wacce zan cike, mastas ta aji ko ta bincike? Na ce masa tsaya tukuna, akwai wata tambaya a fanninka da take hana ka barci? Ya yi shiru. Na ce to ka cike ta aji.

Don Allah mu daina raina mastas ta aji. A Ingila yawanci shekara ɗaya ce, lakca, jarrabawa, sai furojet a watannin ƙarshe, ka gama ka dawo bakin aikinka, kuma Chevening ma, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, irinta suke ɗaukar nauyi. Ma'aikacin da ƙarin girma yake nema ko sauya layi, wallahi ta ishe shi.

Ta bincike kuwa, irin su MRes da MPhil, ba wanda zai riƙa bin ka da jadawali, kai ne da sufabaiza da Allahnka. Ni na ɗanɗana. Wata biyu na yi ina zarya Kasuwar Barci da takardar tambayoyi ina bin teloli, wani ya ce in dawo bayan sallah, wani ya ɗauka jami'in haraji ne ni ya ƙi ko ɗago kai daga keke, sannan babi na uku na bincikena ya kwana wata huɗu a teburin malamina ba a buɗe ba. Da ba don ina matuƙar son sanin yadda yaran shago suke koyon sana'ar nan ba, da tuni na ajiye.

Abin da ya fi damuna, tun Janairun 2024 da Birtaniya ta hana yawancin masu mastas ta aji tafiya da iyali, sai ga mutane suna rububin ta bincike don kawai a tafi da madam da yara. Na san zafin rabuwa da iyali, ban ga laifin kowa ba, amma ranar da aka zaunar da kai kare aikinka, ba wanda zai tambaye ka iyali.

Mai son koyarwa a jami'a ko PhD, shi kam ya rungumi bincike, kuma a nan gida ya tambaya da kyau kafin ya biya kuɗin fom, don ba kowace mastas ta ƙwararru irin MBA ce ake karɓa a wuce PhD da ita ba.

Ƙanin nawa dai ya ce zai yi istihara, na ce ya fara nemo sunayen malaman sashen tukuna.