Amurka: Hukumar da ta karɓi riƙon yaro, ita ya kamata ta tsaya masa ya samu lasisin tuƙi

A Amurka, idan kotu ta tabbatar iyaye sun gaza ko suna cutar da ɗansu, takan karɓe shi ta damƙa wa hukumar kula da yara ta jihar. Hukumar ce za ta nema masa wurin zama, ko wajen dangi, ko wajen mariƙan da aka tantance ake ba su kuɗin ɗawainiya, ko gidan kwanan matasa inda ma'aikata ke karɓa-karɓar aiki. Yara sama da 300,000 ne ke cikin wannan hali a kowane lokaci. Mafi yawansu sukan koma gida ko su samu iyali na dindindin, amma a 'yan shekarun nan, tsakanin 15,000 zuwa 20,000 ne duk shekara suke girma a hannun hukuma har ta sallame su, wasu a shekara 18, wasu a 21 a jihohin da suka tsawaita riƙon.

Matashin da aka sallama ba katin shaida a aljihu ya shiga uku tun ranar farko. Duk wanda ya samu aiki a ƙasar sai ya cike fom ɗin I-9, kuma cikin kwana uku na aiki sai ya nuna takardun da suka tabbatar da ko shi wane ne da kuma izininsa na yin aiki. Banki ba zai buɗe masa asusu ba, mai gidan haya ba zai saurare shi ba. Idan aka fita daga manyan birane irin su Niyok da Cikago, motar haya ta gwamnati ba ta kai wa ko'ina, don haka wanda ba ya tuƙi, aikin da ke nesa da unguwarsu ya fi ƙarfinsa.

Majalisar dokokin tarayya ta san da wannan. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Satumban 2014 ta wajabta wa jihohi cewa duk matashin da ya yi aƙalla wata shida a riƙo, kada a sallame shi sai da takardar haihuwarsa ta ainihi, da katin SSN, wato lambar nan mai alƙaluma tara da ake aiki da biyan haraji da ita, da bayanan inshorar lafiya, da fayil ɗinsa na asibiti, da lasisin tuƙi ko katin shaidar jiha. A 2018 aka ƙara takardar da ke tabbatar da cewa ya taɓa zama a riƙo, domin da ita zai ci gaba da samun kulawar lafiya ta gwamnati da ake kira Medicaid har ya kai shekara 26.

Doka ce mai kyau, amma tana da ɓaraka biyu. Ta ɗaure wajibcin ne da ranar fita, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ta ce lasisi ko katin shaida, kuma duk ma'aikacin da fayiloli suka yi masa yawa zai zaɓi mai sauƙin. Katin shaida aikin wuni ɗaya ne idan takardu sun cika. Lasisin tuƙi kuwa aikin wata shida zuwa shekara ne, yana bukatar mota da babban mutum da inshora da wanda zai sa hannu. Matsayarmu ita ce hukumar da ta tsaya a kotu ta karɓi matsayin uwa da uba, ita ya kamata ta ɗauki waɗannan nauye-nauyen, kuma ta fara tun yaro yana shekara 14.

Takardun na da jeri, wanda ya tsallake ɗaya zai sha zirga-zirga. Takardar haihuwa ce farko. Ba gwamnatin tarayya ke bayar da ita ba, ofishin rajistar haihuwa na jihar da aka haifi yaron ne, ko da yanzu yana zaune a wata jihar. Abin da aka fi tararwa a fayil shi ne fotokwafi, ko takardar ado da asibiti ke bai wa mai jego, mai ɗauke da tambarin tafin ƙafar jariri. Duka biyun ofishin lasisi ba ya karɓa. Sai kwafin da ofishin rajista ya buga wa hatiminsa, kuma gara a nemi biyu, ɗaya a hannun yaro, ɗaya a ajiye.

Daga nan sai katin SSN. Sabunta shi kyauta ne, da fom ɗin SS-5, sai dai hukumar da ke bayar da katin ba ta ɗaukar takardar haihuwa a matsayin shaidar cewa kai ne mai wannan suna. Tana ɗaukarta ne shaidar shekaru da zama ɗan ƙasa kawai. Yaron da ba shi da katin jiha sai ya kawo katin makaranta ko takardar asibiti ta ainihi. Da yawa a nan suke tsayawa, wannan ofishi ya ce kawo katin wancan, wancan ya ce kawo na wannan. Katin ta gidan waya ake aikowa, yawanci cikin mako biyu, to idan an canza wa yaro gida a tsakanin, ya tafi tsohon adireshi ke nan. Kuma ba a sabunta shi yadda aka ga dama, sau uku ne a shekara, sau goma a tsawon rayuwa. Yaron da aka yi ta yawo da shi gida-gida, kowane sabon ma'aikaci yana neman sabon kati maimakon ya bi sawun tsohon, zai iya cinye rabin rabonsa kafin ya mallaki hankalin kansa. Kada kuma a liƙe katin da roba, hukumar da kanta ta hana.

Tun a wannan mataki ya kamata wani ya zauna ya jera takardun ya duba harafi-harafi. Suna a takardar haihuwa daban, a katin SSN an rage harafi ɗaya, a makaranta kuma da sunan mijin uwa aka yi rajista. Kwamfutar ofishin lasisi tana gwada suna da ranar haihuwa da abin da ke rumbun tarayya, in ba su dace ba sai a dawo da yaro gida. Gyaran irin wannan kuskure yakan ɗauki watanni, wani lokaci sai da umarnin alƙali. Idan aka gano shi yaro na shekara 14, alƙalin da ke riƙe da shari'arsa zai iya warware shi. Idan sai ya kai 19 aka gano, shi kaɗai zai yi ta fama, ba lauya ba kuɗi.

Sai shaidar adireshi. Tun 7 ga Mayun 2025 aka fara aiki da ƙa'idar REAL ID, wato sharuɗɗan gwamnatin tarayya kan katin shaida da lasisi, a filayen jirgin sama, kuma katin da ya cika ƙa'idar yana bukatar takardu biyu masu nuna inda mutum yake zaune. Ɗan riƙo ba shi da takardar kuɗin wuta ko ta haya da sunansa. Mafita ita ce wasiƙar hukumar kula da yara mai hatimi ko umarnin kotun da ya ajiye shi a gidan. Jihar Teksas ta sauƙaƙa wannan a 2019, ta yafe wa 'yan riƙo da matasa marasa matsuguni kuɗin takardar haihuwa da na katin shaida, ta kuma cire sharaɗin sa hannun iyaye. Babu dalilin da zai hana sauran jihohi yin haka, kuɗin da ake magana a kai bai taka kara ya karya ba.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato ba zai ji wannan baƙon abu ba. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a yi masa rajistar NIN sai da lambar uwa ko uba ko mariƙi, kuma tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN. Maraya ko ɗan riƙon da ba a taɓa karɓar masa takardar haihuwa ba, sai lokacin jarrabawa ake tuna shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne lasisin tuƙi. Duk jihohin Amurka hawa-hawa suke bai wa matashi izini. A Kalifoniya sai ya kai shekara 15 da rabi zai karɓi takardar lana, bayan darasin awa 30, sannan ya yi awa shida da malamin tuƙi, ya yi awa 50 tare da babba mai lasisi wanda ya kai shekara 25, awa goma daga ciki da dare, ya kuma riƙe lanar wata shida kafin gwaji. A Fulorida daga shekara 15 ake farawa, awa 50 ne su ma, amma shekara guda ake riƙe lanar. Yaron da ke gidan iyayensa ba ya ma jin nauyin wannan, uwa za ta miƙa masa makulli a hanyar kasuwa, uba ya zauna gefensa ranar hutu. A ɗauki yarinya 'yar shekara 16 a gidan kwana. Motar gidan ta hukuma ce, inshorarta ba ta rufe ɗan koyo ba. Ma'aikaciyar dare ita kaɗai ce da yara da yawa, ba za ta bar su ta fita koyar da tuƙi ba. Ko da yarinyar ta dace da mariƙiya mai kirki ta tara mata awa 30, ranar da aka ɗauke ta zuwa wani gida, takardar lissafin awannin takan ɓace cikin kaya, kuma sabon mariƙi ba zai rantse a kan abin da bai gani da idonsa ba. An koma gidan jiya. Shi ya sa ya kamata kwafin lissafin ya riƙa shiga fayil ɗin hukuma duk wata, da sa hannun wanda ya zauna a gefen.

Sa hannu kansa shi ne babban abin tsoro. A jihohi da dama, wanda ya sa wa ƙaramin yaro hannu a takardar neman lasisi ya ɗauki alhakin diyya tare da shi idan ya yi hatsari. Ba za a zargi mariƙin da ya noƙe ba, mutum ne da ya buɗe gidansa, yanzu ana so ya jingina dukiyarsa ga yaron da za a iya ɗaukewa gobe. Ma'aikacin hukuma shi ma yakan ce ba huruminsa ba ne, iyayen asali kuma ko ba a san inda suke ba ko kotu ta yanke haƙƙinsu. Ga inshora a gefe. Kamfanoni yawanci suna so a rubuta duk mai lasisin da ke cikin gida, kuma ƙara matashi yana ɗaga kuɗin sosai. Yaron ba zai saya da kansa ba, don wanda bai kai 18 ba ba ya ƙulla yarjejeniya.

Fulorida ta nuna cewa duk waɗannan na warwaruwa. Dokarta ta ce mariƙi ko ma'aikaci ko wakilin yaro a kotu da ya sa hannu a takardar lana bai ɗauki alhakin ɓarnar yaron ba saboda wannan sa hannun. Ta bai wa kotu damar sahale wa ɗan riƙo mai shekara 16 da ya gama darasin tuƙi ya ƙulla inshorar mota da sunansa. A 2014 ta fara shirin Keys to Independence a matsayin gwaji na shekara uku, yana biyan kuɗin makarantar tuƙi da na lasisi da na inshora, a 2017 kuma ta mayar da shi na dindindin. Jihar Washintan ita ma tana da irinsa ta hannun ƙungiyar Treehouse. Gwamnatin tarayya ta taɓa ɗanɗanawa. A dokar tallafin korona ta Disamban 2020 an yarda jihohi su kashe har dala 4,000 a shekara kan kowane matashi don harkar tuƙi, daga asusun Chafee da aka kafa tun 1999 don shirya 'yan riƙo zaman kansu. Sassaucin na wucin gadi ne, bai daɗe ba ya ƙare, kamar dai bukatar ta tafi tare da annobar.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja. Hatsarin mota na cikin manyan abubuwan da ke kashe matasa a Amurka, kuma idan aka auna da nisan tafiya, direba mai shekara 16 zuwa 19 ya kusa ninka wanda ya haura 20 sau uku wajen shiga mummunan hatsari. Sukan ce a bar yaro ya kai 18, tunda a yawancin jihohi sharaɗin darasi da awa 50 ya faɗi a lokacin. To amma ranar da sharaɗin ya faɗi, ranar ce yaron ke rasa gida da mota da babban da zai zauna gefensa. Ko dai ya ci gwajin da ƙyar ya hau titi bai ƙware ba, ko ya ari motar aboki ya tuƙa ba lasisi don kada ya makara aiki, ɗan sanda ya tare shi, tara ta hau kansa, ya buɗe rayuwar girma da shari'a. Akwai matasan da lafiyarsu ko halinsu bai ba da damar tuƙi yanzu ba, gaskiya ne. Sai a rubuta dalilin a fayil, a sake dubawa bayan wata shida, maimakon a hana kowa saboda wasu.

Ba sai an ƙirƙiro sabon zama don bibiyar wannan ba. Dokar tarayya ta riga ta ce a duba shari'ar kowane ɗan riƙo duk wata shida, kuma bisa dokar 2014 ana fara shirin girmansa daga shekara 14, har da binciken ko wani ya ci bashi da lambarsa ta SSN. A wannan zama alƙali zai iya cewa a ɗora masa takardar haihuwa mai hatimi da katin SSN a kan tebur ya gani. Idan yaro ya kai 15, ya tambayi ranar da aka sa masa don gwajin lana, da sunan wanda zai sa hannu, da motar da zai koya da ita, da asusun da zai biya inshora. Ma'aikacin da ya amsa da cewa ana kan aiki, a ba shi kwana 30 ya dawo da takardar.