Google ya hana tallan bindiga, amma kar a ce mana tsaro ne

A watan Fabrairun 2018, kwanaki kaɗan bayan wani matashi ya shiga makarantar sakandare a Parkland ta jihar Florida ya harbe mutum 17, sai mutane a Amurka suka lura da wani abu a Google Shopping, wato sashen nan da ake kwatanta farashin kaya. In ka rubuta "gun", bindiga kenan da Turanci, ba abin da zai fito maka. To wannan ba mamaki. Amma har mai neman 'yar na'urar narka gam ɗin nan ta masu aikin hannu da ake kira "glue gun", kai har mai neman riga launin burgundy, duk wayam, don kawai haruffan nan uku suna cikin kalmar. Kamfanin ya ce kuskure ne, ya gyara.

Ita dokar ta daɗe. Google dama can ba ya karɓar tallan bindiga, sai dai sashen kwatanta farashin kyauta ne a da, mai shago ya baje hajarsa ba ko sisi. A 2012 suka mai da shi na kuɗi, da ya koma talla kuwa sai dokar talla ta hau kansa, masu sayar da bindiga da harsashi suka wayi gari da saƙon cewa su kwashe kayansu.

Ni dai gaskiya ban ga laifin kamfani ba in ya ce ba zai ci kuɗin tallan makami ba, mai rumfa yana da ikon cewa ba za a kasa masa kaza a ƙofar rumfa ba. Masu ihun an tauye musu 'yancin riƙe makami kuma su yi haƙuri, gyara na biyu ɗin nan da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 da suke taƙama da shi gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai ce dole ɗan kasuwa ya yi maka talla ba.

Inda muka raba hanya shi ne in aka ce wai wannan zai rage kashe-kashe. Wa ke biyan kuɗin talla a Google? Dillali mai lasisi, mai shago da adireshi. Kuma a Amurka in ka sayi bindiga ta intanet a wajen irin wannan dillalin ba gidanka za a kawo maka ita ba kamar takalmi, wani shago mai lasisi a kusa da kai za a aika wa, ka je da kanka ka cike fom, a binciki sunanka a rumbun bayanan FBI da ke aiki tun 1998, sannan a miƙa maka. Bindigar sata, da wadda wani ya saya wa abokinsa da doka ta haramta wa, da cinikin hannu da hannu a bayan mota, waɗannan ko a mafarki ba su taɓa bi ta Google Shopping ba. Facebook ma ya fi kusa da bakin ramin, da ya hana ɗaiɗaikun mutane sayar wa juna bindiga a shafinsa a 2016. Su kuwa masu kwatanta farashin harsashi shafuka irin su AmmoSeek kawai suka koma, ciniki bai tsaya ba.

Abin da ya fi damuna ma ba bindigar ba ce, girman mai rumfar ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na bincike a intanet ta Google ake yi, to wannan ai ya wuce mai rumfa, sarkin kasuwa ne. A 2017 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro biliyan 2.42 kan wannan sashen na Shopping ɗin dai, saboda yana ɗaga nasa sama yana binne shafukan kwatanta farashi na abokan gasa, ya ɗaukaka ƙara har kotun ƙolin Turai, a 2024 ta ce tarar na nan daram. A shekarar ce kuma alƙali Amit Mehta a Washington ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba.

Wancan na Turai akwai kotun da ta duba, ko da ya ɗauki shekara bakwai. Shi kuwa mai shagon da aka kwashe wa kaya a 2012 imel kawai ya gani.